Gidajen gwanjon Detroit: kurakuran da 'yan'uwa suka ƙi daina yi

Kusan duk Juma'a bayan an idar da salla, sai wani ya ja ni gefe ya nuna min hoton gida a waya: "Alhaji, dala dubu ɗaya fa!" Bakina ya gaji, shi ya sa na zauna na rubuta.

Gidajen gaskiya ne. A 1950 mutanen birnin Detroit na Amurka sun haura miliyan 1.8, ƙidayar 2020 ta samu 639,111 kacal. Jama'a sun watse, unguwanni sun koma kangaye, a 2013 birnin kansa ya tsiyace. Dubban gidajen da aka ƙwace saboda bashin haraji suka koma hannun hukumar Detroit Land Bank, wadda take gwanjonsu ta intanet tun 2014, ana fara taya su daga dala 1,000.

Babban kuskure shi ne cinikin biri a sama, kuma ni na fara yin sa. An ware ranar da masu so za su shiga su duba gidan, na ce aiki ya riƙe ni, hoto ya isa. Gidan jan bulo ne, da baranda, gwanin sha'awa. Ranar da na buɗe ƙofa wari ne ya yi min maraba. 'Yan jari-bola sun fasa bango sun zare duk wayar wuta da bututun jan ƙarfe, sun ɗauke na'urar ɗumama gida da tukunyar ruwan zafi. Na haska tocila a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ga ruwa kwance har ƙwauri, wani tsohon takalmi yana yawo a kai. Na ɗaga kai a ɗakin sama, na hango gajimare. Kuɗin sayen gidan shi ne mafi ƙanƙanta a duk abin da na kashe. Yanzu ko ƙanina ne ya ce zai taya gida, sai mun je da magini da mai aikin famfo, kuma daga ƙasa nake fara dubawa, ba daga falo ba.

Na biyu ya fi ba ni haushi, don a rubuce yake, karantawa ce ba ku yi. Hukuma ba kyauta take rabawa ba, neman wanda zai raya mata kango take yi. Wata shida gare ka ka gyara gidan a shiga, tara idan unguwar tarihi ce. Za ka riƙa aika hotunan aiki, kuma da hannunka ka sa hannu cewa in ka gaza za a iya karɓe gidan. To kai da ba ka da kuɗin rufi a ajiye, me ya kai ka tayi? Wai "Allah zai kawo". Zai kawo, amma wa'adi ba ya jiran adashi. Ni a Oktoba na saya. Kafin in farga dusar ƙanƙara ta sauka, mai rufin da na ba rabin kuɗi ya ce ba zai hau kan ƙanƙara ya karya wuya ba, daga nan wayarsa ta daina shiga. Sai da na nemi ƙarin lokaci, na ci bashi na ɗauko wani. Tun daga nan ba na taya gida bayan Agusta, kaya ni nake saya da kaina, ladan aiki kuma kashi uku nake raba shi, na ƙarshe sai na hau tsani na gani da idona. Wasu sun ce na cika tsanani. Su sani.

Sauran ƙanana ne. Ka biya a binciki tarihin mallakar gidan kafin ka zuba masa kuɗi. Harajin gida kada ka yi wasa da shi, shekara uku ba biya ana ƙwacewa, ta haka ma gidan ya zo hannunka. Gidan da aka gina kafin 1978 ka ɗauka fentinsa da gubar dalma, kada a kankare bango yara suna ciki. Wanda ya tuna abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010 ba sai an yi masa bayani ba. Ka je layin da dare ka ƙirga gidajen da ke da haske.

Filayen da hukumar ke sayarwa dala 100 kuwa na maƙwabtan da gidansu ke jikin filin ne, ku daina turo min saƙo daga Kano in saya muku goma. Na gefen gidana na karɓa, uwargida ta shuka alayyafo da yakuwa a ciki.