Yadda za ka sa wa tsohon zanen gini kala ka rataya a salo (falo)

Da farko nemo zanen baƙi da fari a intanet. Ni dai na fi son na Agadas da ke cikin littafin tafiyar Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya zo garin a 1850, ga hasumiyar masallaci mai mita 27. In gine-ginen Turai kake so akwai na Piranesi, wani mai zane ɗan Italiya, na birnin Rum.

Wajen bugawa ka ce a yi maka da injin laza a takarda mai kauri, giram 300, don tawadar ƙaramin injin gida da ta ji ruwa sai ta zube ta ɓata layukan. Manne gefunan da sikoc a kan allo kar takardar ta lanƙwashe.

Penti na ruwa za ka sa, tsararo sosai, fara da sama sannan ginin, jan ƙasa da ɗan rawaya, ka bari ya bushe kafin ka ƙara, a zafin Yamai minti kaɗan ne. Kar ka cika kala har layukan su ɓace, ai su ne kyan abun.

Kai wa mai firam ya sa gilashi saboda ƙurar hunturu, kuma kar ka rataya inda rana ke bugawa, kalar koɗewa take.