Kalmar baton da wuraren da masu fassara ke zamewa

Duk mai fassara labarai daga Turanci, ko ɗalibin da ke kai da komo tsakanin Turanci da Larabci, yana cin karo da baton. Ƙamus zai ce masa sanda ce, kuma bai yi ƙarya ba, domin Ingilishi ya aro ta ne daga Faransanci inda take nufin sanda kawai. Amma da ta shiga bakin Turawan Ingila sai ta ƙuntata, ta zama sandar da ake riƙewa saboda wani aiki ko muƙami. Ba a kiran gorar makiyayi ko kwagirin tsoho da ita. Saboda haka kafin ka rubuta komai, duba hannun da ke riƙe da ita.

Kuskuren da ya fi yawa yana labaran zanga-zanga. Sai ka ga an rubuta cewa 'yan sanda sun tarwatsa jama'a da sanduna, mai karatu ya ɗauka itace suka karyo a gefen hanya. Kulki suka ɗauka, shi ne sunansa. A Larabci ma ba a cika sa asa a nan ba, kalmar da muka sani a ƙissar Annabi Musa, ta kowace irin sanda ce. 'Yan jaridar Larabawa hirawa suke rubutawa, jam'inta hirawat. Wanda ya mayar da rahoton Larabci zuwa Hausa ya ga hirawat, kulake ake nufi.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Idan rahoto ya ce an yi amfani da baton rounds, babu batun duka da kulki ko zagayen sintiri. Harsashin roba ne ko na leda mai tauri, wanda ake harbawa da bindiga. Sojojin Birtaniya sun fara harba na roba a Arewacin Ireland a 1970, kuma ya kashe mutane, ya makantar da wasu. Mai fassarar da ya ce an doke su da kulki alhali harbinsu aka yi, ya rage wa labarin nauyi ba da saninsa ba. Larabawa na cewa rasas maɗɗaɗi.

A fagen wasanni kuwa, ita ce sandar tseren miƙa sanda, asat-tatabu'i da Larabci. Ga wanda bai taɓa riƙe ta ba, bututu ne mai santsi, cikinsa fayau, tsawonsa santimita 28 zuwa 30, nauyinsa bai gaza giram 50 ba. A tseren mutum huɗu na mita ɗari-ɗari dole a miƙa ta cikin wani yanki na mita 30, kuma alƙalai inda sandar take suke kallo, ba ƙafar mai gudu ba. Wannan ya sa fassarar da ke cewa an kori ƙungiya saboda ta yar da sanda takan zama kuskure. Faɗuwar sanda kaɗai ba ta korar kowa, wanda ya yar zai iya ɗauka ya ci gaba. Miƙawa a wajen yanki ce ke jawo kora. A karanta rahoton da kyau a ga wanne ya faru.

Kusa da wannan, wasu na mayar da sandar gasar Commonwealth, wato wasannin ƙasashe rainon Ingila, ta zama wuta, suna haɗa ta da ta Olamfik. Babu wuta a jikinta. Tun 1958 ake zagayawa da ita ɗauke da saƙon sarautar Ingila, a karanta shi ranar buɗe gasa.

Daga filin tsere ne Turawa suka samo maganar da suke yi idan shugaba ya sauka ya bar wa wani. A nan wasu ke rubuta ya miƙa masa sanda, su jefa mai karatu cikin ruɗu, domin a wurinmu miƙa sanda sai a fada, ranar da gwamna ke bai wa sabon sarki sandar girma. Shugaban kamfani ko na jam'iyya ragama yake miƙawa. Balarabe kuma tuta yake miƙawa, ya ce sallamar-raya. A ganina, sandar girma ta dace ne kawai da wadda ake bai wa fil-mashal, mai muƙami mafi girma a sojan ƙasa, tunda ita ma ba ta duka ba ce, alamar muƙami ce. Ta jagoran makaɗa kuwa 'yar siririya ce kamar tsinke, asal-mayistro inji Larabawa, kuma ban ga laifin a ce 'yar sandar jagoran kiɗa ba, muddin jimlar ba za ta sa a ɗauka jami'ar tsaro ake nufi ba.

Tarkon da ya fi kama ɗaliban Larabci shi ne baɗun, wadda ake rubutawa باطون. Ka gan ta a jaridar Lebanon ko Siriya ko Falasɗinu ko Jodan, kunnenka ya ce maka baton ce aka ara. Kankare take nufi. Daga wata kalmar Faransanci daban ta fito, béton, kuma a daidaitaccen Larabci da bakin Misrawa kharasana ake cewa. Idan labarin Gaza ya ce an tono mutane daga ƙarƙashin baɗun, ɓaraguzan gini ne suka danne su. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram ba sa faɗawa wannan rami, tun a makaranta suka raba bâton da béton.

Sauran ƙanana ne. Batten, mai t biyu, katakon rufi ne na kafinta. A littafin girki, karas da aka yanka baton an yanka shi ne tsaye-tsaye kamar yatsa. Baton Rouge kuma babban birnin jihar Luwiziyana ne a Amurka, Faransawa suka raɗa masa suna a 1699 saboda wani jan turke da suka tarar a bakin kogin Misisipi. A bar shi yadda yake, kada manhajar fassara ta mayar maka da shi jan sanda.