Darasi Na Tara: Kasalar Da Ke Biyo Bayan Barin Lemon Ƙara Kuzari

Malamin aji ya fara karantawa da ƙarfi, sannan ɗalibai su karɓa ɗaya bayan ɗaya.

A Sakkwato yau, da wuya ka ratsa tashar mota ko bakin Babbar Kasuwa ba ka ga mai kula cike da ƙanƙara da lemon ƙara kuzari ba, wanda matasa ke kira enaji. Ɗan kabu-kabu yana sha. Tela mai ɗinkin dare gabanin sallah yana sha. Mai gadi da direban babbar mota da ɗalibi mai jarrabawa duk suna sha. Wasu kuma ba su taɓa kai shi baki ba, amma ba sa iya fara aiki sai sun zauna wurin mai shayi an kaɗa musu Nescafé, ko sun sha ataya a majalisa, ko sun ɓare goro. Sinadari ɗaya ne a cikin waɗannan abubuwa duka, sunansa kafeyin.

Mutane da yawa sun yi niyyar bari. Wani saboda faɗuwar gaba da bugun zuciya, wani saboda barci ya ƙaurace masa, wani likita ne ya ce jininsa ya hau, wani kuwa aljihu ne ya gaji. Sai a bari yau, jibi a koma. In ka tambaya sai a ce maka, "Jikina ba ya yi sai da shi." Wannan magana ba daidai ba ce, kuma ita ce ta mayar da mutane da yawa baya alhali sun kusa fita.

Me ya sa jiki ke mutuwa?

Tun daga lokacin da mutum ya farka, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwarsa. Shi ne ke gaya wa jiki cewa an gaji, a kwanta. Idan an yi barci sai ya ragu. Kafeyin ba abinci ba ne, ba ya ƙara wa jiki ƙarfi ko kaɗan. Aikinsa shi ne ya tare wurin da adenosin ke isar da saƙonsa. Kamar mai bin ka bashi ne ya zo ƙofar gida, ka sa yaro ya ce ba ka nan. Ya tafi yau, amma bashin yana nan, gobe ma zai dawo, kuma ya ƙaru. Ranar da ka daina shan kafeyin, gajiyar da ka daɗe kana ɓoye wa ce ta same ka gaba ɗaya.

Akwai ƙari. Idan mutum ya saba sha kullum, ƙwaƙwalwa takan daidaita kanta da shi, shi ya sa gwangwani ɗaya da ke isar ka bara, bana sai biyu. Kafeyin kuma yana matse jijiyoyin jini na cikin kai. Da ya janye sai su buɗe, jini ya ƙara gudu, kai ya ɗauki sara. Duk wanda ya saba da goro ko shayi ya san ciwon kan da ke zuwa a ranakun farko na azumin Ramadan. Yunwa da ƙishirwa suna da hannu a ciki, amma rashin kafeyin babban dalili ne. Ya kuma san cewa kafin a kai goman tsakiya ciwon ya tafi. To, haka wannan ma yake.

Kwana nawa ake yi?

Masana sun bi diddigin abin. Alamomin sukan fara bayan awa 12 zuwa 24 da shan ƙarshe. Sukan tsananta a kwana na ɗaya zuwa na biyu. Ga mafi yawan mutane sukan wuce cikin kwana 2 zuwa 9. Kusan rabin waɗanda suka bari farat ɗaya suna yin ciwon kai. Ban da shi akwai kasala, hamma, gyangyaɗi, saurin fushi, da kasa tattara hankali wuri ɗaya. Wasu har tashin zuciya da ciwon gaɓoɓi, su ɗauka zazzaɓi ne ke shirin kama su.

Ku riƙe wannan lissafi da kyau: kwana 2 zuwa 9. Mutumin da ya koma sha a kwana na biyu ya koma ne a daidai ranar da ta fi kowace wuya, bai ga sauƙin da ke bayanta ba.

Hira

Wani matashi ɗan kabu-kabu ya je gaida kawunsa, wanda malamin asibiti ne. Ɗalibai biyu su tashi su karanta.

"Kawu, barka da yamma."

"Barka kadai, ɗana. Mi ya same ka, na ga idonka ya yi ja?"

"Wallahi Kawu abin ga ya fi ƙarfina. Shekaranjiya na bar enaji kamar yadda ka ce. Jiya da hantsi kaina kamar ya tsage. Yau kuwa saura kaɗan in yi barci a kan babur, ga fasinja a baya."

"Subhanallahi! Nawa kake sha a rana?"

"Roba uku. Wani lokacin huɗu, in an yi ciniki."

"Sai ka yanke duka rana ɗaya, ka kuma hau titi? Ai ban ce ka yi haka ba. Ragewa na ce. Da ƙarfe nawa kake shan ta ƙarshe?"

"Bayan magariba, don in kai sha ɗayan dare."

"Ita za ka fara ajiyewa. Ka bar ta safe da ta rana tukuna. Kuma gobe kada ka ɗauki kowa sai ka yi barci ya ishe ka. Ran mutane ne a hannunka."

"To Kawu, in kan ya matsa in sha Panadol Extra?"

"Karanta bayan kwalin. Kowace ƙwaya tana da kafeyin miligiram 65. Ka sha farasitamol zalla, yadda aka rubuta, kada ka wuce ƙa'ida."

"In sha Allahu, Kawu. Na gode."

Ragewa a hankali

Shawarar kawun nan ita ce tawa. Wanda yake shan abu kaɗan zai iya yankewa ya daure kwanakin. Amma mai shan roba uku ko huɗu, wanda kuma dole ya fita neman abinci kullum, gara ya sauko mataki mataki. Ya rage kashi ɗaya cikin huɗu, ya zauna a haka kwana huɗu ko biyar, sannan ya sake ragewa. Idan ya zo kan ta ƙarshe, ya maye gurbinta da kofin shayi mara kauri, daga baya shi ma ya tsinka shi. Cikin mako biyu zuwa huɗu an gama, ba tare da an kwanta ba.

Dalilin fara cire ta yamma shi ne kafeyin yana daɗewa a jini. Bayan kimanin awa 5, rabin abin da ka sha yana nan bai fita ba. Wanda ya sha bayan magariba, tsakar dare ma yana ɗauke da rabi. Ko ya yi barci, barcin ba ya nauyi. Ya tashi da asuba a gajiye, ya nemi wata robar, haka abin ke ta zagayawa. Da zarar barcin dare ya gyaru, buƙatar ta safe takan ragu da kanta.

Kafin ka rage sai ka san nawa kake sha. Gwangwanin Red Bull mai mililita 250 yana da kafeyin miligiram 80. Robobin Fearless da Predator da makamantansu girmansu ya bambanta, don haka a duba rubutun da ke jiki, nan ma karatun da muke koyo ya yi rana. Kofin shayi yakan kai miligiram 40 zuwa 50. Kofin Nescafé yakan kai 60 zuwa 100, gwargwadon yawan garin da aka zuba. Coca-Cola da Pepsi ma suna da shi. Hukumomin kula da abinci na Turai da Amurka sun ce babban mutum mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 a rana. Mai juna biyu kada ta wuce 200. Yara kuwa ba a ba su lemon ƙara kuzari sam, kuma ina roƙon iyaye mata su kula da abin da ake saya wa yara a shago da kuɗin tara.

Goro yana da nasa matsayi. Ba a ɗaurin aure ko suna babu shi, kuma ba a mayar wa dattijo hannu. Idan an miƙo maka, karɓi da hannu biyu, ka yi godiya, ka sa a aljihu ka kai wa wani. Ba ka ɓata wa kowa ba. Abin da ba zai yiwu ba shi ne mutum ya bar enaji ya koma cin goro biyar a rana yana cewa ya bari.

A zaɓi lokaci kuma. Kada direba ya fara a daren da zai kama hanyar Gusau ko Illela. Kada manomin fadama ya fara a makon cirar albasa. Mai son shiga azumi da sauƙi ya fara ragewa tun farkon Sha'aban.

Abin da zai riƙe jiki

Na farko ruwa. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan wuce digiri 40, kuma yawancin gajiyar da ake ji da rana tsaka ƙishirwa ce. Wanda ya bar roba uku ya rage ruwan da ke shiga cikinsa ba tare da ya lura ba. Ya riƙa yawo da gorar ruwa, yana kurɓa kafin ƙishi ya kama shi. Fitsari shi ne ma'auni: in ya yi ja sosai, ruwa ya yi kaɗan. Da hunturu ma haka ne, iska tana busar da jiki ko da ba a yi gumi ba.

Na biyu abinci, kuma a nan ne nake ganin an fi yin sake. Matasa da yawa suna fita da safe ciki babu komai, lemon ne karin kumallonsu. Ƙarfin da suke ji na ɗan lokaci wani ɓangarensa suga ne, don gwangwani mai mililita 250 yana ɗauke da suga kusan giram 27, wato kusan ƙaramin cokali 7. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce kimanin cokali 12 a yini, in ya tsaya a 6 ma ya fi. Suga yakan ɗaga mutum da sauri ya sake shi da sauri. Abin da ke riƙe ciki ya daɗe shi ne hatsi da wake da gyaɗa da nono: koko da ƙosai, ɗumamen tuwo, ɗanwake, alala, kunun gyaɗa, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, fura da nono da hantsi. Duk suna nan kusa, kuma kuɗin roba biyu zai saye su. Da rana kada a cika ciki ƙwarai, don cikar ciki tana jawo barci. Idan baki yana son wani abu mai sanyi, zoɓo da ruwan tsamiya da na citta ba su da kafeyin, sai dai a ce wa mai haɗawa ta rage suga.

Na uku barci. Babba yana buƙatar awa 7 ko fiye. A makon farko za ka ga kana son barci fiye da kullum, ka ba jiki abinsa. A rage hirar dare a majalisa, a ajiye waya bayan isha'i. Ƙailula, wato ɗan barcin rana da muka gada, tana da amfani ƙwarai a kwanakin nan. Barcin minti 20, kafin azahar ko bayanta, ya isa. In ya zarce awa guda, sai a tashi da nauyin kai, dare kuma ya yi tsawo. Idan gyangyaɗi ya taso a bakin aiki, tashi ka wanke fuska, ka taka na minti goma. Hasken safiya da tafiyar ƙafa suna wartsakar da jiki.

Abu ɗaya nake gargaɗi a kai da babbar murya. Kada wani aboki ya ce maka tiramol ko wata ƙwaya za ta cire maka kasalar. Kafeyin kwanaki kaɗan ne ya sake ka. Waɗannan ƙwayoyi kuwa suna kama mutum kamu mai tsanani, suna jawo farfaɗiya, suna kisa. Wanda ya riga ya saba haɗa su da enaji, wannan darasi bai ishe shi ba. Ya ga likita, kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware yana kula da masu wannan matsala. Zuwa can ba abin kunya ba ne.

Yaushe za a je asibiti?

Idan an yi mako biyu da bari, ana ci ana sha ana barci, amma kasala ba ta tafi ba, to ba kafeyin ba ne kuma. Wataƙila da ma akwai wata cuta da lemon ke rufewa. Ƙarancin jini yana sa haka, musamman ga mata masu haihuwa da masu shayarwa. Zazzaɓin cizon sauro yana sa haka. Ciwon suga ma haka, alamarsa yawan fitsari da ƙishirwa da rama. Damuwa mai tsanani ita ma takan zo da mutuwar jiki. A je asibitin unguwa a auna jini, a gwada suga, a duba hawan jini. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura mutum Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Wasu alamomi ba a jira da su ko kwana ɗaya: ciwon ƙirji, numfashi sama sama, suma, ciwon kai mai tsanani da ya zo farat ɗaya, ciwon kai tare da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko mutuwar ɓarin jiki. Sanƙarau ba baƙo ba ne a yankinmu lokacin zafi. Kada a ce ai rashin goro ne.

Aikin aji

1. Bayan awa nawa alamomin barin kafeyin ke farawa, kuma kwana nawa suke yi?

2. Me ya sa kawun ya ce a fara ajiye robar yamma?

3. Wani mai gadi yana shan gwangwani 3 masu miligiram 80, da kofin shayi 2 masu miligiram 50. Nawa ya sha a rana? Saura nawa ya kai 400?

4. A ce roba ɗaya naira 500 ce. Mai shan 3 a rana, nawa yake kashewa a kwana 30? Tambayi farashin mudun gero a kasuwarku, ka lissafa mudu nawa kuɗin zai saya.

5. Ja layi bakwai a littafinka, ka rubuta sunayen ranaku daga Asabar zuwa Juma'a. Kullum da dare rubuta abin da ka sha ko ka ci mai kafeyin, da lokacin, da ƙarfe nawa ka kwanta. Ka zo da littafin aji mako mai zuwa, da shi kowa zai tsara nasa jadawalin ragewa.