Darasi na 9: Yadda za a hana ruwan dabe ɓata shafen katanga

Idan damina ta wuce a Mai Wurno ko Gadarif ko Damazin a nan Sudan, zagaya tsakar gida ka dubi gindin katanga. Sau da yawa za ka ga sama fes, amma daga ƙasa zuwa kamar taƙi ɗaya ko biyu shafen ya yi ja-ja, ko fari-fari, wani wurin ma ya kumbura yana zubewa. Mai gida sai ya sayo fenti. Asarar kuɗi ce kawai, domin baɗi tabon zai dawo daidai inda yake. Ruwan da ke gangarowa daga dabe shi ne mai laifi, shi za a sauya wa hanya.

Launin tabon yakan faɗi inda matsalar take. Ja ko ruwan ƙasa tartsatsin ruwa ne: ƙurar guguwar habub ta kwanta a kan falen da aka shimfiɗa a dabe, wanda a nan muke ce wa balaɗ, ruwan farko ya faɗo ya watsa ta jikin bango. Fari mai kama da kanwa gishiri ne. Bulo ya sha ruwa ta ƙasa, ruwan ya bushe, gishirin ya fito fili. Sabon falen siminti ma yakan zubar da irin wannan farin. Kore ko baƙi kuwa gansakuka ce, alamar wurin ba ya bushewa.

Gangare

A nan aikin yake. Dole dabe ya karkata ya bar katanga, ya nufi kwata ko gindin bishiya. A kowace mita ɗaya a sauke shi da santimita 2. Tsakar gida mai faɗin mita 4 ke nan za ta sauka da santimita 8 daga bango zuwa bakin magudana.

Ba sai da na'ura ba. Sami siririn tiyo mai garai-garai, ka cika shi da ruwa, ka tabbatar babu kumfar iska a ciki. Kafa turke a gindin katanga, wani a bakin magudana. Ruwan da ke bakin tiyon biyu kullum tsayinsa ɗaya ne, sai ka yi alama a kowane turke daidai kan ruwan. A turken magudana ka sauko da santimita 8 daga alamar, ka ɗaura igiya daga nan zuwa alamar turken katanga. Igiyar nan magini zai bi.

Sai dai baƙar ƙasar yankinmu ba ta da amana. Da rani ta tsattsage har hannu ya shiga, da damina ta kumbura. Falen da aka shimfiɗa kai tsaye a kanta, shekara guda ta isa ya juya ya fara tura ruwa bango. Saboda haka a kwashe baƙar ƙasar, a zuba tsakuwa mai kaurin santimita 10 zuwa 15, a yayyafa ruwa a daddaɓe ta sosai, sannan yashi santimita 4, sannan fale. Masu gaggawa nan suke tsallakewa, kuma nan aikinsu yake lalacewa.

Kada fale ya taɓa bango

Bar tazarar santimita 20 tsakanin falen ƙarshe da katanga. Tona wurin zurfin santimita 20, ƙasansa shi ma ya gangara ya sami mafita a ƙarshe, ka cika da wankakkiyar tsakuwa. Ɗigon ruwa idan ya faɗa kan tsakuwa ba ya tsalle kamar yadda yake yi a kan siminti. Ramin da ba shi da mafita kuwa gara babu shi, don a baƙar ƙasa zai zama randa a gindin bangonka.

Shafen ma kada ya sauka har ƙasa, yana tsotsar ruwa kamar lagwani. A tsayar da shi santimita 15 sama da dabe, a ɗan turo bakinsa waje yadda ruwa zai ɗiga ƙasa. Abin da ya rage a ƙasa a shafe shi da kwaɓi mai ƙarfi, awo 1 na siminti da awo 3 na yashi mai tsabta, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma kwana 7. Wannan na katangar jan bulo ne ko bulon siminti. Bangon ƙasa ba ya riƙe shafen siminti, ɓamɓarewa yake yi falle-falle. Shi a yi masa yaɓe irin nasa kafin damina, a jera masa jan bulo sahu uku ko huɗu a gindi.

Ɗaga kai kuma ka dubi indararo. Idan gajere ne yana zuba kusa da bango, duk aikin ƙasa a banza. A ƙara masa tsawo, ko a sa bututu ya kai ruwan zuwa magudana.

Tabon da ya riga ya kama

Jira bango ya bushe. Farin gishiri a goge shi a bushe da buroshi mai tauri, a kwashe garin. Wanke shi da ruwa mayar da shi cikin bulo yake yi. Jan tabo ruwa da sabulu sun ishe shi. Gansakuka a shafa mata bilic na wanki, awo 1 cikin ruwa awo 4, a bar shi minti 15 a ɗauraye. Sa safar hannu, a kori yara, kuma kada a taɓa haɗa bilic da asid ɗin wanke ban-ɗaki, hayaƙin da ke tashi guba ne. Idan za a yi fenti, farar ƙasa ko fentin ruwa ya fi. Fentin mai yana kulle danshi a ciki, bayan 'yan watanni ya yi ƙuraje.

Aikin gida

Auna faɗin tsakar gidanka daga katanga zuwa inda ruwa ke fita, ka rubuta santimita nawa ya kamata dabenka ya sauka. Sannan ka zuba bokiti ɗaya na ruwa taku ɗaya daga bango, ka rubuta inda ruwan ya nufa. Kawo amsoshin biyu aji na gaba.