Yadda za ka fita kallon tsuntsaye a gonakin Legas idan kaka ta yi

Kafin komai, ka ajiye lissafin gida. A Kano ko Katsina, Oktoba na kamawa ruwa ya fara ɗaukewa, gero ya shiga rumbu, dawa ta sunkuyar da kai. Legas ba haka take ba. Nan ruwa zuwa biyu yake yi: mai ƙarfin a Yuni da Yuli, ya ɗan sarara a Agusta, sannan ya dawo a Satumba da Oktoba. Abin da ke sauka a shekara ya haura milimita 1,500, kusan ninki biyu na Kano. Don haka wanda ya ɗauki ƙafa farkon Oktoba yana zaton ƙasa ta tsane, taɓo zai je ya kwasa. Ni ina ganin daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba ya fi, lokacin da masarar shuka ta biyu ke bushewa, baƙin tsuntsaye masu ƙaura kuma sun iso.

Mu da muke kwana muna tashi tsakanin buhunan albasa da kwandunan tumatir a Mile 12, hanya mafi sauƙi ita ce ta Ikorodu. Ka hau bas ɗin BRT bayan sallar asuba, daga Ikorodu ka nemi motar Imota ko Agbowa, kan hanyar Epe. Ana wuce gidaje za ka fara ganin gonakin rogo da masara da fadamu. Mutanen Alaba Rago kuwa Badagry ta fi musu kusa, ga kwakwa ga bakin ruwa. Rana na fitowa wajen 6:30, kuma kafin ƙarfe goma tsuntsaye sun gama kiwon safe sun shige inuwa, to kada ka yi jinkiri.

Gona da mai ita. Kada ka kutsa haka kawai. Ka nemi Baba ko Mama da ke wurin, ka yi musu sannu da aiki da Yarbanci ko da guntu-guntu ne, ka faɗi abin da ya kawo ka. Za su yi mamaki, amma yawanci su ne za su nuna maka inda gyazbi ya yi musu ɓarna da daddare, ka ga karan masara a yanke a karkace kamar da wuƙa aka sare shi. Su ne kuma suka san inda mafarauta suka ɗana tarko, wanda sanin sa ya fi maka komai amfani a wannan ciyawa.

Ka sa dogon wando da takalmin roba mai tsawo, riga kuma mai launin ƙasa ko kore. Farar jallabiya daga nesa take tona ka. Ka riƙe ruwan sha da leda ta saka waya. Madubin hangen nesa yana da daɗi idan akwai, in babu ido ya wadatar. Kafin ka zauna ka dubi ƙasa da kyau, domin kwarkwasa na jan layi a gonakin kudu, kuma in ka tsuguna a kan hanyarta sai ta kai maka har wuya. Kada ka cusa hannu cikin tarin ciyawa ko ramin gara, akwai gamsheƙa. In tsautsayi ya gitta, ba a tsagawa, ba a ɗaurewa tamau, asibiti za a nufa kai tsaye.

Sauran aikin zama ne. Ka sami gindin bishiya a bakin gona, inda shuka ta haɗu da kurmi ko fadama, ka ba rana baya, ka yi shiru. Da farko za ka ce babu komai. Can sai ragon maza ya fara kukansa mai gangarowa daga cikin duhuwa, makwarwa ta fito kiwo a kan kunyar gona. In da kwakwa ko bishiyar manja a kusa, ka ɗaga kai ka dubi kabare: namijin, rawaya mai baƙin kai, zai ɗan ciji gefen ganye, ya tashi da shi a baki, ganyen ya tsage ya biyo shi zare guda, ya je ya saƙa sheƙa yana reto kai ƙasa. Haka suke yi har su bar reshe tsirara, shi ya sa masu kwakwa ba sa ƙaunar su.

Amma abin da ke kai ni gona a wannan lokaci shi ne baƙin. Shirwa tana bin damina zuwa arewa, idan ruwa ya ɗauke can sai ta gangaro kudu. Ranar da ka ga ta fara shawagi a saman mayankar Oko-Oba ta Agege, wutsiya a tsage, to rani ya doso. A gona ka neme ta inda ake ƙona ciyawa, tana cafke fara a cikin hayaƙi. Akwai kuma wani koren tsuntsu siriri, mai farin maƙogwaro da baƙin zane a ido, da doguwar jela mai tsini. A bakin Sahara yake ƙyanƙyasa da damina, ya yini nan kan wayar lantarki da rani, ya zabura ya kamo ƙudan zuma ko mazari, ya dawo daidai inda ya tashi ya buga shi a jikin waya kafin ya haɗiye. Ɗan cirani ne kamar mu, kuma raina yana sanyi duk sa'ad da na gan shi. Tsattsewa mai jan maƙogwaro da ke shafar saman ciyawa ita daga Turai take, nauyinta kusan giram 20 ne kawai, amma ta ƙetaro hamada. Shamuwa kada ka sa ran ta, in ta bar ƙasar Hausa gabashi da kudancin Afirka take nufa. Ungulu kuwa in ka gani ka yi murna, domin tun 2015 aka sa irin wadda muka saba gani a mahauta cikin jerin masu gab da ƙarewa.

Sama ma abin lura ce. Hadarin ƙarshen damina daga gabas yake tasowa, galibi da yamma ko dare. In zafi ya yi nauyi, iska ta tsaya cak, sannan wata mai sanyi ta buso, ka tattara ka bar fili, kada ka fake a gindin doguwar bishiya saboda tsawa. Ka duba hasashen hukumar yanayi ta ƙasa, NiMet, tun da daddare kafin ka fita. Hunturu ba ya isowa Legas sai Disamba ko Janairu, kuma ba shi da ƙarfin na gida, sai dai hazonsa yana dusashe launin tsuntsu.

Idan da yara za ka fita, ka karɓe danƙon harbi tun a gida, kuma ka fara kai su cibiyar kare namun daji ta Lekki, wadda gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, NCF, ta kafa a 1990 a kan hekta 78. Akwai hanyar katako a kan fadama, da gadar sama mai tsawon mita 401, da birai da guza da kada. Ana biyan kuɗin shiga, ranar aiki ta fi ƙarancin jama'a, abinci kuma a bar shi cikin jaka, don biran wurin fizge suke yi.