Yadda na gyara alaimen ɗin Mazda MX-5

Motar ta riƙa ƙin shan kwana. In na murza sitiyari da gudu sai gabanta ya zame, gefen waje na tayoyin gaba kuma yana ta cinyewa. Iskar taya da bushin (robobin da ke mahaɗar ƙafafun mota) duk lafiya lau, ashe tayoyin ne suka miƙe tsaye da yawa.

A wajen alaimen, wato saita tsayuwar tayoyi, na sa aka karkatar da saman tayoyin gaba ciki digiri 1.5, na baya kusan haka. Na gaba suka fuskanci gaba sak, na baya aka ɗan tsuke gabansu ciki da milimita 1 don kada bayan ya riƙa wutsilniya. Ina zaune a kujerar direba aka auna, domin motar ba ta da nauyi, nauyin mutum ɗaya yana canza awon. Yanzu tana kama kwalta a kwana sosai.