Darasi Na Tara: Ɗaga Madigadin Gaba Na Tsohon Babur

Duk wanda ya bi hanyoyin ƙauyukan Marwa, a arewacin Kamaru, da babur a watan Agusta ya san baƙar ƙasar nan da Fulani ke kira karal, inda ake dasa masakwa bayan ɗaukewar ruwa. Da rani tsattsagewa take yi. Da damina kuwa ta zama danƙo. Takan manne wa taya, ta taru a ƙarƙashin madigadi, har tayar gaba ta ƙi juyawa. Na taɓa cin rabin yini tsakanin Bogo da Marwa, buhun gero a baya, kowace ɗan tafiya in sauka in ƙwaƙule laka da kara.

Madigadi shi ne murfin da ke saman taya, makanikanmu sun fi ce masa gardabu. A yawancin tsofaffin babura yana ɗaure ne a ƙafafun gaba, wato ƙarafa biyun da ke riƙe tayar gaba, dab da taya. A baburan daji irin Yamaha DT 125 kuwa can sama yake, ƙarƙashin fitila, laka ta samu hanyar faɗuwa. Irin wannan za mu koyi sawa.

A tanadi madigadin roba, sifana mai lamba 10, noti huɗu masu kaurin milimita 6, ɗan fallen ƙarfe, tsohon tub da abin awo.

Amma kada a fara da sifana. A fara da awo.

Ƙafafun gaba ba a tsaye suke cak ba. In ka taka birki ko ka faɗa rami, sai su nutse, taya ta taso sama. Tsohon madigadi tare da taya yake tasowa, shi ya sa ba sa haɗuwa. Sabon kuwa yana nan wuri ɗaya, taya ce ke zuwa ta same shi. In ta same shi kana gudu, sai ta cije, kai da babur ku kifa.

Na ga wani yaron gareji a Garwa ya gama ɗaurawa, ya zura hannu tsakani, ya ce, “Maigida, ga fili nan isasshe.” Maigidan bai ce komai ba. Ya hau, ya kama birki, ya danna kan babur da ƙarfinsa. Muka ji ƙiiit. Ya sauko ya ce, “Kwance, ɗana. Babur a tsaye ka auna.”

Ga yadda ake yi. Yanko siririn tub ka ɗaura a jikin ƙarfen ƙafa mai ƙyalli, ka tura shi ƙasa iyaka. Mutum biyu su hau, a kama birki, a danna sau uku. Tub ɗin zai matsa sama ya tsaya. Auna tazarar da ya yi. A ce santimita 11 ne. Sai ka auna daga saman taya zuwa inda madigadin zai zauna. In 18 ne, cire 11, saura 7, ya yi. In 12 ne, saura 1, bai yi ba. Kada abin da ya rage ya gaza yatsu uku, domin ramin hanya ya fi hannun mutum ƙarfi.

Sauran aikin ba wuya. Kwance tsohon. Duba ƙarfen da ya riƙe ƙafafu biyu a ƙarƙashin fitila, sau da yawa akwai huji a nan, na oda ko na fitila. A lanƙwasa fallen ƙarfen, a huda shi daidai da hujin, a ɗaure, sannan a ɗaura madigadin a jikinsa. Sa guntun tub tsakanin noti da roba don kada girgiza ta tsaga ta. Ni ban yarda a kai wuta wurin nan ba. Walda a wuyan babur ganganci ce, ko da mai waldar abokinka ne.

Abin da mutane ke mantawa shi ne tsohon madigadin ƙarfe yana haɗe ƙafafu biyu, yana hana su murɗewa. In ka cire shi, sa a yi maka ɗan ƙarfe mai kama da baka a gurbinsa, a bar wa laka hanya. Wayar birki da ta mita ma a jikinsa suke ratayewa, a sama musu wurin kamawa kada taya ta ci su.

Juya kan babur dama da hagu har ƙarshe. Wutsiyar madigadin kada ta taɓa bututun salansa, roba ce, narkewa za ta yi. Yanzu laka za ta fi fantsama kan inji, kuma iska ce ke sanyaya shi, don haka a riƙa wanke tsagoginsa. Bayan tafiyar yini ɗaya a sake matse noti.

Aikin gida: ƙafafun baburinka suna nutsewa santimita 10, tsakanin taya da madigadi santimita 16 ne. Nawa ya rage? Rubuta amsar da lamba, ka rubuta ta da kalmomi, gobe kuma ka zo da awon naka baburin.